Ramar da Nabil Ya Aiko

Akure, 14 ga Mayu, 2024

Zuwa ga Inna Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Baba Sabo da duk mutanen Rimin Kwari. Yaya ƙafa, yaya kuma kunnen? Ni lafiyata ƙalau, sai dai ruwan garin nan da ba ya ɗaukewa, kullum kayana a jiƙe. Saura wata biyar in gama bautar ƙasa in dawo gida.

Na san waya ba ta yi miki amfani tunda kunne ya yi nauyi, kuma ba kya son a riƙa karanta miki saƙo kamar ba ke kika koyar da yara shekara ashirin da shida ba. Shi ya sa na ba Basiru direba wannan takarda, tunda motarsa tana kawo shanu nan ta koma da manja.

Inna, alheri ne ya taso. Wani kamfanin irin shuka da ke da ofis a Bacirawa zai ɗauki malaman gona shida. Mun fi ɗari biyu da muka cika fom. Na tsallake jarrabawa da intabiyu, yanzu mu goma sha biyar muka rage. Sharaɗin ƙarshe shi ne kowa ya nuna gonar gwaji ta sabon irin geron da suka ba mu, a watan Satumba za su zagaya su duba. Kin san gidanmu, gidan mahaifina Baba Alhaji Kolo a Bacirawa, ko wurin shanya babu, gonakin kewaye kuma duk an yanka su fuloti. Ba ni da wata gona sai taki. Ki taimaka ki ba ni kunya ashirin a gonarki ta bayan gari.

Ga leda biyu nan. Babbar ita ce geron, na rubuta yadda za a shuka a jikinta. Ƙaramar kuwa rama ce irin ta nan kudu, wani abokina ya ba ni. Ki sa Baba Sabo mai yi miki aikin gona ya shuka ta can tsakiyar dawa, ba a bakin iyaka kamar yadda kuka saba ba, don ba ta son iska da yawa.

In na samu aikin nan, Inna, ke za ki fara sani. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Nabil

Rimin Kwari, Shanono, 20 ga Yuni, 2024

Ɗana Nabil,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo tana warin shanu, amma na karanta ta sau uku. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda ka san ta, kunnen hagu ya gama aikinsa, na dama ne ke ɗan taɓukawa. Sabo yana gaishe ka, ya ce wai malamin gona za ka zama alhali ko fartanya ba ka iya riƙewa. Na ce masa ai shi ya iya riƙewa shekara hamsin, har yanzu ba a ba shi ofis ba.

Kunya ashirin ka roƙa, na ba ka talatin. Ni da mahaifiyarka Maijidda 'ya'yan wa da ƙani ne, amma ɗaki ɗaya muka tashi, zani ɗaya muka rufa. Ranar da za ta cika ta kama hannuna ta ce in riƙa duba ka, ko da yake gidan ubanka can birni yake. In ban ba ka ƙasa ba wa zan ba?

An yi ruwan shuka ranar Talatar da ta wuce. Geron mun bi takardarka sak, har da igiya muka ja, Sabo yana ta gunaguni wai tunda aka haife shi bai taɓa ganin ana auna rami ba. Ramarka kuma an sa ta tsakiyar dawa kamar yadda ka ce. Irin nata bai yi kama da namu ba, ƙanana ne masu sheƙi da ɗigo-ɗigo, amma na san kudu komai nasu daban ne. Har ta tsiro.

Abu ɗaya zan yi maka faɗa a kai. Da ka zo gaisuwar salla bara na ga idonka ja, leɓenka ya yi baƙi, kana magana kana mantawa da inda ka tsaya. Na san karatu ne da rashin barci. Ka riƙa cin abinci, kada ka zo gaban masu ɗaukar aiki kamar wanda aka tono.

Matan da nake koya wa karatu ranar Laraba sun kai tara yanzu. Aina'u matar Kamaruddeen maƙwabcina, mai awarar nan, ta fi kowa ƙwaƙwalwa, da jaririnta a baya take rubutu. Duk sun yi maka addu'a.

Innarka,
Sa'adiyya

Akure, 9 ga Yuli, 2024

Inna,

Assalamu alaikum. Na gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Ina nan lafiya, ina cin abinci kamar yadda kika ce. A gurguje nake rubutu don Basiru ya riga ya tayar da mota.

Ga allo nan na aiko, kamfanin ne ya ce kowa ya kafa a gaban gonar gwajinsa. Sunana ne a jiki da lambata. A kafa shi inda duk mai zuwa zai gani.

Na ji daɗi da ramar ta tsiro. Don Allah Inna ki fi kula da ita, ita ce na fi damuwa da ita. Kada a bar awaki su shiga, kada kowa ya taɓa ta, ni zan zo in cire ta da hannuna in lokaci ya yi.

An sa ranar sha takwas ga Satumba za su zo wajenku. Ni ba za a ba ni izini ba, ke za ki tarbe su.

Ɗanki,
Nabil

Rimin Kwari, 4 ga Agusta, 2024

Ɗana Nabil,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ruwa yana sauka yadda ake so. An yi maimai, an zuba taki.

Geronka ya yi kyau, ba laifi. Amma ramar nan, Nabil, masha Allah. Ta wuce tsayin Sabo. Ganyenta kamar yatsun hannu, kore shar, ga wani ƙamshi mai ƙarfi da ke kama zani in ka ratsa. Da na karanta takardarka na ga ka ce ita ka fi damuwa da ita, sai na gane ashe ita ce ainihin gwajin, geron rakiya ce. Kai ma da son ɓoye abu, da ka faɗa mini tun farko.

Saboda haka a gabanta na kafa allon. Sai dai dawa ta rufe ta, ba mai ganinta daga hanya, kai kuma ka ce a sa inda mai zuwa zai gani. Na sa Sabo ya sare dawa kunya biyu tun daga bakin hanya har wurin. Ya yi ta ƙorafin asara, na ce masa dawata ce. Yanzu duk mai tafiya kasuwar Shanono sai ya hango ta, da sunanka a gaba da manyan baƙaƙe.

Abin da ya ba ni mamaki samarin garin nan. Waɗanda ko gaisuwa sai an roƙe su, yanzu har ƙasa suke durƙusawa, wai sannu da aiki Inna, gona ta yi albarka. Kullum sai ka ga biyu ko uku sun tsaya bakin allo suna dariya. Wasu har iri suka roƙa, na ce ba nawa ba ne, sai mai shi ya zo. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ga shi tun kafin a ba ka aikin ka fara jawo matasa ga noma.

Akwai ɗan abin da ke cin kawunan ta gefe, ina zargin awakin gidan liman. Na sa an yi shinge da ƙaya.

Allah ya ba da sa'a.

Innarka,
Sa'adiyya

Rimin Kwari, 25 ga Agusta, 2024

Nabil,

Na yi maka sallama don musulunci ya ce a yi. Kana tambayar lafiya kullum, to ga lafiyar.

Sati uku ke nan ban ji daga gare ka ba. An ce motar Basiru ta lalace a hanya da takardata a ciki. Wannan takardar wani direban na ba, ya ce zai karɓi waccan ya haɗa su ya miƙa maka.

Ranar Laraba na je gona na ga ramarka ta cushe. Na san ka ce kada a taɓa, amma duk wadda ta taɓa shuka rama ta san in an rage mata ganye ta fi tashi. Na rage, har da 'yan kawunan da suka karye, na cika ƙwarya. Zubarwa kuma almubazzaranci ne. Na dafa, na daka ƙuli, na zuba man gyaɗa da albasa, na yi wa ɗalibaina kwaɗo. Ya yi ɗaci, muka ce halin ramar kudu ne, na ƙara ƙuli.

Ba a yi awa guda ba matan aure tara suna nuna harafi a allo suna ƙyaƙyata dariya. Ni kaina harshena ya yi nauyi, bangon ɗakina yana matsowa yana komawa. Da ƙyar suka watse. Na ce bari in ɗan kishingiɗa, ban farka ba sai bayan magariba. La'asar ta wuce ni ina kwance da yawu a kumatu. Tun da na balaga ban taɓa barin salla ta fita ina da lafiya ba, sai a kan kwaɗonka.

Sauran matan barci suka yi, kowace ta ja bakinta don kunya. Aina'u ita ta fi ci, kuma ni na juye mata ragowar ta tafi da shi. A gidansu ta cire ɗankwali gaban surukinta, tana kuka tana dariya, tana hira da tunkiya, har ta nemi hawa rumbu. Kamaruddeen ya kira malami aka yi mata ruƙiyya kwana uku, ana turara mata hayaƙi, ana tambayar wanda ke jikinta sunansa. Yanzu gari ya ɗauka Aina'u na da aljanu. Ba mai sayen awararta. Uwar mijinta ta ɗauke jaririn, wai kada ya sha a nono. Ina jin kukan yaron ta katanga da kunnen nan guda da ya rage mini, ita kuma rigarta a jiƙe.

Washegari na ba Sabo reshe ɗaya ya kai wa mai kemis a Shanono, ko guba ce. Mutumin ya tura ƙofar shagonsa ya tambayi Sabo ko gidan yari yake sha'awa da tsufansa.

Wiwi, Nabil. Tabar wiwi ka sa na shuka a gonar da mijina ya bar mini. Na yi mata noma, na zuba mata takin awakina, na sare dawata na yi mata hanya, na yi mata shinge. Na ɗauki laifi na ɗora wa awakin liman, ashe awakin masu ƙafa biyu ne, su ne masu durƙusa mini. Sabo ya ji suna kirana Inna mai kaya. Shekara ashirin da shida ana ce mini Malama.

Na wanke tukunyar sau biyar da toka, har yanzu ban ƙara dafa komai a cikinta ba. Zanin da na shiga gonar da shi na ƙone. Duk lokacin da na tuna da hannuna na zuba wa yarinyar nan ƙari, sai in ji ƙyamar hannun.

Ban cire komai ba tukuna, allonka ma yana nan tsaye. Ina so in fara jin abin da za ka ce.

Sa'adiyya

Akure, 3 ga Satumba, 2024

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan jiki ya yi sauƙi. Takardunki biyu yau suka zo mini tare. Na fara da ta farko, da na zo wurin allo sai da na zauna a ƙasa. Inna, a gaban geron na ce a kafa, geron shi ne gwajin. Sunana da lambata sun yi wata guda a bakin hanyar kasuwa.

Ki yi haƙuri, na yi kuskure, na amsa. Amma ki fahimce ni. Ni ba ɗan shaye-shaye ba ne irin waɗanda kike gani a tasha. Tun shekarata ta biyu a kwalejin gona nake ɗan sha don karatu ya zauna, kuma ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ban bar salla ba, ban taɓa zagin kowa ba. Na tsara abina, sai an tashi daga aiki, sai kuma ƙarshen mako. Akwai manyan ma'aikata da yawa da ke haka, ba wanda ya sani.

Dalilin shukar ma don in kare aikin ne. In na zama ma'aikaci ba zai yiwu a riƙa ganina a lungun masu sayarwa ba, wata rana sai an kama ni tare da su. Na lissafa abin da zai fito a wurin nan zai ishe ni shekara, ba ruwana da kowa, ba ruwan kowa da ni. Da an bar ta yadda na ce, tsakiyar dawa, ba a taɓa ba, da duk wannan bai faru ba. Ban ce laifinki ne ba, amma na rubuta kada a taɓa.

Yanzu saura sati biyu su zo. Don girman Allah a tumɓuke ta duka, a binne, kada a ƙona don hayaƙin zai tona. A mayar da allon gaban gero. In sun tambayi wurin a ce dawa ce ta lalace. Gwajin fitsarin da za su yi mana a Oktoba kada ya dame ki, na dakata tun yanzu, zai fita kafin lokacin.

Maganar Aina'u ta taɓa ni. Amma Inna ki duba, abin ya riga ya bar jikinta, kwana kaɗan za a ce ta warke, a mayar mata da ɗanta. Tunda sun tafi a kan aljanu, ki bar su a kai, ya fi sauƙi ga kowa. Aljanu ba abin kunya ba ne, ana samu a kowane gari. In kuwa kika faɗi gaskiya, magana za ta kai Shanono, daga can ta kai ofis, shi ke nan ni na gama, ke ma sunanki ya ɓaci.

Shekara biyar ina karatun nan. Ki tuna abin da Umma ta ce miki. Wannan ne kaɗai abin da zan roƙe ki.

Ɗanki,
Nabil

Rimin Kwari, 19 ga Satumba, 2024

Nabil,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, tunda ka tambaya a layi ɗaya.

Na karanta takardarka sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Ka tsara abinka, ka lissafa, ka dakata don fitsari ya yi fari. Ban taɓa ganin an zauna an yi wa ƙazanta jadawali irin naka ba. Da ka rubuto ka ce Inna abin nan ya fi ƙarfina, da na yi kuka na nemo maka taimako. Amma kai wai wayo kake ba ni labari. Kuma ka kawo sunan Maijidda cikin wannan takarda, shafi ɗaya da zancen fitsari.

Duk da haka na yi abin da ka ce. Bayan sallar asuba ni da Sabo muka tumɓuke ta, tushe sittin da ɗaya. Na ɗaure hancina da gefen mayafi, amma sai da na yi amai sau biyu. Muka zuba a ramin da aka haƙi ƙasar gini, muka rufe. Allon ya koma gaban gero.

Jiya suka zo, su uku a farar mota. Babbarsu wata yarinya ce Malama Ikhlas, da hijabi da takalmin roba, mai ladabi. Ta auna tsayin kara, ta ƙirga zangarniya, ta murza ƙwaya a tafin hannu, ta ce a duk gonakin da suka zaga ba su ga wadda aka bi ƙa'ida kamar wannan ba. Aikin Sabo ne, amma sunanka ta rubuta.

Za su tafi ke nan sai ta hango hanyar da muka sare. Ta bi ta har wurin, ta tsaya kan ƙasar da aka tone, ga ramin sandar allo a gabanta. Ta ce, “Inna, me aka cire a nan?”

Ta ɓangaren dama ta tsaya, kunnen da ke ji. Na ji ta sarai. Na sa hannu a bayan kunne na ce, “Eh, ruwa kam ya yi kyau bana.” Ta sake tambaya da ƙarfi, na ce, “Gero ne, irin naku.” Ta yi murmushi ta dafa kafaɗata, ta ce wa abokan aikinta a ƙyale Inna, ba ta ji. Har addu'ar samun sauƙi ta yi mini.

Shekara shida ina fama da kurumtar nan, ina jin haushi in an yi mini magana kamar yarinya. Ban taɓa fakewa da ita ba sai jiya. Allah ya jarrabe ni da ciwo, ni kuma na ɗauki ciwon na yi ƙarya da shi saboda kai. Da na dawo gida ban iya duba madubi ba.

Na sauke abin da Maijidda ta ɗora mini. Kada ka ƙara ambata mini shi.

Sa'adiyya

Bacirawa, Ungogo, 28 ga Oktoba, 2024

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan ƙafa da kunne da sauƙi, an kuma yi girbi lafiya. Na dawo gida sati biyu ke nan, Baba Alhaji yana gaishe ki.

Albishirinki. An ɗauke ni. Ni ne na biyu cikin shida, gwajin asibiti ma ya fito fes. Na ce ke za ki fara sani, ga shi na cika alkawari. Kin ga yanzu komai ya daidaita, ba wanda ya yi asara. Na san ranki ya ɓaci, amma in kin huce za ki ga dabarar ta yi.

Wani abin daɗin, Malama Ikhlas ta ce tunda ina da jama'a a wajenku, Shanono za a tura ni. Aikina shi ne in shawo kan manoma su karɓi irinmu, kuma da yawan waɗanda suka karɓa za a tabbatar da ni bayan wata shida. Za mu fara da mata, irin kayan miya na bayan gida. Nan da nan na tuna ɗalibanki na Laraba. Ki tara mini su ranar sha uku ga Nuwamba, in sun karɓa sauran gari za su biyo.

Ga jaka nan wurin Basiru, ki fara raba musu kafin in zo. Akwai alayyafo, kuɓewa, yakuwa, da rama. Ta gaske ce wannan karon, kada ki ji tsoro.

Yaya Aina'u? Ina fatan aljanun sun yi sallama.

Ɗanki,
Nabil, malamin gona

Rimin Kwari, 5 ga Nuwamba, 2024

Malamin gona,

Wa alaikumus salam. An yi girbi lafiya. Ina taya ka murna, Allah ya sa ka ci halal.

Akwai abin da ban rubuta maka a waccan takarda ba. Na riƙe shi ne in ga ko wata rana za ka tambayi Aina'u kamar mutum. Na ga yadda ka tambaya.

Ranar da masu farar mota suka zo, ƙurarsu ba ta kwanta ba na shiga gidan Kamaruddeen da reshen da na ajiye. A gaban shi da uwarsa da Aina'u na faɗi abin da ke cikin kwaɗon, da wanda ya dafa, da wanda ya aiko da irin. Kwana ashirin da takwas yaron nan ba ya hannun uwarsa, ni ina jiran gero ya nuna. A nan take tsohuwar ta kwance shi daga bayanta ta miƙa. Nonon ya riga ya ja baya, da kunu ake haɗa masa har yanzu. Aina'u ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, “Malama, ashe lafiyata ƙalau?” Ita ma ta riga ta yarda tana da aljanun.

Mazaje uku sun hana matansu zuwa gidana, ban ga laifinsu ba. Dagaci ya ce magana ta tsaya cikin gari saboda tsufana, kuma ta tsaya. Ofishinku ba su ji ba, ba kuwa za su ji daga bakinmu ba. Takardar aikinka ba mai taɓa ta. Sai dai daga Rimin Kwari har ƙauyukan da ke cin kasuwa da mu, babu gidan da ba a san ramar Nabil ba.

Jakarka na kai tsakar gida ranar Laraba, na ajiye a gaban mata shidan da suka rage, na faɗa musu abin da ka ce yana ciki. Aina'u ta tambaya daga hannun wa. Na faɗa. Har muka tashi karatu ba wadda ta matsa kusa da ita.

Sabo ya ce wurin nan ya zubar da 'ya'ya kafin mu tumɓuke, in an yi ruwan fari za ta sake tsirowa. Na ce masa ni zan riƙa zuwa da kaina ina cirewa, ko shekara nawa za ta ɗauka.

Ka zo ranar sha ukun. Za a shimfiɗa maka tabarma, a ba ka ruwa, a saurare ka har ka gama, don ba mu iya wulaƙanta baƙo ba. Allonka yana jingine a zaure, ka tafi da shi in za ka koma. Jakar kuwa ga ta nan wurin Basiru, ɗinkin bakinta yana nan yadda ka aiko.

Sa'adiyya